Hunturu ya hana ni gashin raku: in jira sanyi ya wuce ko akwai dabara?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, shekara biyu ke nan da na fara ginin tukwane don sha'awa. Ina da ɗan tanderun raku mai aiki da gas a bayan gida. Tun watan Nuwamba na tara kaya goma sha huɗu da suka sha gashin farko, amma dusar ƙanƙara da iska sun hana ni fita. Makon jiya na gwada da kwanuka biyu, zafi ya tsaya a digiri 800 ya ƙi gaba, jikin silindar gas ya yi fari fat da ƙanƙara, kwanukan kuma duk suka tsage. Cikin goma sha biyun da suka rage, shida na riga na shafa musu gilez. Yumɓun da na bari a gareji ma ya daskare kamar dutse. Kayan za su lalace in na jira har Afrilu? Ko in shigar da tanderun gareji in bar ƙofa a buɗe?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ga masu karatu da ba su sani ba, raku salon gashin tukwane ne da ake zaro kaya daga tanderu suna jajir a sa su cikin garin katako su sha hayaƙi, gilez kuwa ruwa ne da ake shafa wa kaya, ya narke a wuta ya zama fatar gilashi. Tambayarki kashi uku ce: ko jira zai cutar da kayan, me ya sa gashin makon jiya ya ƙi, da kuma ko gareji mafita ce. Ta ƙarshen zan fara amsawa don ita ce ta shafi rai. Kada ki kunna wannan tanderu a gareji, ko da ƙofa a wangale take. Bututun wutar raku yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Garejin da ke manne da gida yana tura iskarsa cikin ɗakuna, musamman da hunturu lokacin da ɗumin gida ke zuƙo iska daga ƙasa. Ga harshen wutar da ke tashi ta saman tanderu, ga hayaƙin garin katako, ga silinda kusa da mota da gwangwanayen fenti. Wannan ba abin gwaji ba ne.

Sauran biyun amsarsu mai daɗi ce. Kayan da suka sha gashin farko ba sa tsufa, za su jira ki shekara in a bushe suke. Kuma ana gashin raku a tsakiyar hunturu ya yi kyau. Sanyin iska shi kaɗai ba shi ne ya ɓata miki aiki ba. Abubuwa uku ne da sanyin ke tahowa da su: laima, iska mai kaɗawa, da raguwar ƙarfin gas. Kowanne da maganinsa.

Abin da raku ke nema daga yumɓu

Asalin raku birnin Kyoto ne na Japan, a ƙarni na 16, inda magini Chojiro ya riƙa gina kwanukan shayi da hannu don malamin shayi Sen no Rikyu. Su can ana zaro kwano da zafinsa a bar shi ya huce a sarari. Salon da kike yi, na jefa kaya cikin garwa mai garin katako a rufe su sha hayaƙi, a Amurka ya bunƙasa, kuma Paul Soldner ne ya shahara da shi tun daga 1960 a Kalifoniya. Na kawo wannan ne don ki lura salo ne da ya taso a ƙasa mai rana da bushewa. Wanda ya kai shi ƙasar ƙanƙara dole ya ƙara masa wasu matakai.

Ana kai kaya wajen digiri 950 zuwa 1000 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan 1740 zuwa 1830 a ma'aunin Farenhait da kuke amfani da shi a can, cikin minti 45 zuwa awa ɗaya, sannan a zaro su jajir da awartaki. To yi lissafi. Ranar ɗumi mai digiri 20, kwano yana faɗowa daga 1000 zuwa 20, tazarar 980. Ranar Janairu a birnin Minneapolis na jiharku mai digiri 13 ƙasa da sifili, tazarar 1013 ce. Bambancin bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Yumɓun da zai jure na farko zai jure na biyu. Abin da ke tsaga kwano shi ne gefe ɗaya ya huce ya tsuke alhali ɗaya gefen yana nan da zafinsa, ko kuma ruwan da ke ɓoye a cikinsa ya zama tururi ya rasa hanyar fita.

Yumɓun raku na kirki yana da dakakken tsingaro kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, wani ma da garin wani dutse mai jure wuta da ake kira kayanait, don su bar ƙananan kafofi da ke tsayar da tsaga kafin ta yi nisa. Maginan tukwane na gida sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke daka tsohon kasko su zuba a sabon yumɓu, su shanya tukwane a rana, su ɗumama su da ɗan harshen wuta kafin a lafta musu kara da ciyawa, kuma ba mai son gashi ranar da hadari ya haɗo. Jiran da kike yi irin jiransu ne na damina.

Laima

Ina kyautata zaton ita ce ta tsaga kwanukanki, ba fitowa daga wuta ba. Ki duba bakin tsagar da kyau. In gilez ya narke ya gangara cikinta har gefenta ya yi sumul, tun wuta tana hawa ta tsage, kuma wannan aikin laima ne ko saurin wuta. In bakin yana da kaifi kamar fasasshen gilashi, wajen hucewa ta faru. Tunda zafinki ya tsaya a 800, gilez ɗin bai gama narkewa ba, don haka ki duba wata alamar: ɓallewar ɗan faifai daga gindi ko daga wuri mai kauri, kamar an ɓantare shi da farce. Wannan tururi ne ya yi. Ruwa in ya zama tururi girmansa yana ninkuwa kusan sau 1,700, cokali ɗaya a cikin bangon kwano ya isa.

Kayan gashin farko soso ne. Suna shan ruwan gilez, suna shan laimar iska, kuma da hunturu ba sa sakin ta da wuri. Kwano zai bushe a ido da taɓawa alhali cikinsa a jiƙe yake. Gwaji mai sauƙi shi ne ki kara gindinsa a kumatunki cikin ɗaki mai ɗumi, in kin ji sanyi kamar na randa, da saura. Akwai kuma tarkon da mutane ba sa lura da shi: kaya masu sanyi da aka ɗauko daga gareji aka shigo da su ɗaki suna yin gumi kamar kwalbar da aka ciro daga firji, su shanye gumin nan take. Duk abin da ya kwana a sanyi, sai ya kwana biyu a ɗumi kafin ya ga wuta.

Ba kwanuka kaɗai ke shan laima ba. Bargon zare mai jure wuta da aka liƙa a cikin tanderu don riƙe zafi, in ya jiƙe ba ya riƙe zafi, wutar farko duk a busar da shi take ƙarewa. Bulo mai taushi na gindi yana shan ruwa, in ya daskare ya yi ta marmashewa, don ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya zama ƙanƙara. Farantin da ake jera kaya a kai in ya jiƙe yana iya fashewa da ƙara. Garin katako mai laima kuma ba ya kamawa da sauri, tururi yake yi maimakon hayaƙi, sai baƙin da ake nema ya fito toka-toka. Shi ya sa nake ajiye faranti, da 'yan bulon da ake ɗora shi a kai, da buhun garin katako da jarida a cikin gida duk tsawon hunturu, tanderu kuma a ƙarƙashin rumfa, a ɗage daga ƙasa, a lulluɓe da tamfol. In za ki taɓa bargon zaren, ki sa takunkumi mai tace ƙura sosai, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, balle tsohon da ya sha wuta.

Abin da ya faru da silindarki

Farin da kika gani a jikinta shi ne ya bayyana tsayawar zafi a 800. Furofen, wato gas ɗin da tanderunki ke ci, a cikin silinda ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska sannan ya bi tiyo. Yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, kuma ƙarfin da yake turowa ya dogara da ɗumin ruwan. A digiri 21 wajen 110 ne a ma'aunin matsin gas da ake kira psi, a sifili ya sauko wajen 54, a 18 ƙasa da sifili bai fi 24 ba. Tafasar kuma zafi take ci, daga jikin ruwan da ƙarfen silinda take zuƙarsa. A ƙaramar silinda mai kilo 9, irin ta gasa nama da kuke kira ta fam 20, kilo ɗaya na gas in ya tashi da sauri yana iya sauke ɗumin sauran da kusan digiri 18. Da rani iskar waje tana mayar mata da abin da ta rasa. Da hunturu ba mai mayarwa. In kin fara daga 13 ƙasa da sifili, kafin rabin awa ruwan ya doshi 30 ƙasa da sifili, ƙarfi ya faɗi daidai lokacin da tanderu ke neman wuta mafi yawa, wato daga 800 zuwa 1000. Layin da farin ya tsaya shi ne iyakar ruwan gas ɗin da ya rage.

Maganin farko shi ne girma. Silinda mai kilo 45 tana da faɗin jiki da yawan ruwan da ba sa hucewa da sauri. In ɗaukarta zai yi miki wuya, ki haɗa ƙanana biyu da tiyon haɗi wanda aka ƙera don haka, kowacce ta ba da rabi. Na biyu, ki fara da cikakkiya. Silindar da ta yi rabi da rani za ta gama miki gashi biyu, da hunturu ko ɗaya ba za ta kai ba. Na uku, ki tsayar da ita cikin baho, ki zuba ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa ba tare da ƙyama ba, ya kai rabin jikinta, ki riƙa ƙarawa daga buta in ya fara sanyi. Ki ɗaure ta don kada ta taso ta kife in ta yi sauƙi, kuma kada ruwa ya taɓa bawul da regileta mai daidaita ƙarfin gas, don zai daskare a kansu.

Abubuwan da ba a yi: ba a zuba mata tafasasshen ruwa, ba a matso da ita jikin tanderu don ta ji ɗumi, ba a haska mata wuta, ba a kwantar da ita ko a girgiza ta tana aiki, don ruwan gas zai bi tiyo ya fito da harshen da ba ki iya sarrafawa. Ba a kuma shigar da ita ɗaki ta kwana don ta yi ɗumi. Furofen ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya nemi ginin ƙasa. Tazarar mita uku tsakaninta da tanderu ita ce mafi ƙaranci a wurina. Tiyon roba yana ƙagewa a sanyi, ki warware shi a hankali, ki shafa ruwan sabulu mai ɗumi a kowace mahaɗa ki ga ko zai yi kumfa kafin ki kunna. Masu karatu da ke Ingila su lura da wani abu: gas ɗin butan yana daina tafasa a wajen sifili, don haka silindarsa ba ta da amfani a waje da hunturu, furofen za su nema.

Iska

In za a ce in zaɓi abu ɗaya da zai sa a fasa gashi, iska zan zaɓa, ba lambar sanyi ba. Ranar digiri 10 ƙasa da sifili da iska a kwance ta fi ranar digiri 5 sama da sifili mai kaɗawa. Iska tana karkatar da harshen wuta daga ƙofar tanderu, wani lokaci ta kashe shi gas yana ci gaba da zuba, tana sa gefe ɗaya na tanderu ya fi ɗaya zafi. Lokacin zarowa kuma tana bugun fuska ɗaya ta kwano, ga tsaga nan take. Sannan tana ɗibar jarida mai ci ta kai inda ba ki so.

Ma'aunina shi ne ƙasa da kilomita 15 a awa, a yi aiki. Tsakanin 15 da 25, sai da kariya. Sama da haka a haƙura. Ki duba ƙarfin bugawar da take yi jefi-jefi a hasashen yanayi, ba matsakaicinta kaɗai ba. Kariya kuwa kwanon rufi ko allon siminti ne guda biyu ko uku, a tsaye, a tokare da bulo, kamar taku biyu daga tanderu, sama a buɗe. Ki juya tanderu yadda ƙofar wuta ba za ta fuskanci iska ba, kuma kada iskar ta riƙa ratsa tsakanin bakin bututu da ƙofar. In wuta ta mutu, ki rufe gas daga silinda, ki ɗage murfi ki jira minti biyar iska ta wanke ciki, sannan ki sake kunnawa.

Ajiyar kaya kafin ranar

Shidan da ba su sha gilez ba su ne mafi sauƙi. Ki nannaɗe su da jarida, ki sa a kwali, ki ajiye a cikin gida inda ba ƙura ba maiƙo. Maiƙon hannu ko na kicin yana hana gilez kamawa, ya riƙa janyewa yana barin fili. In sun daɗe, ki goge su da soso mai ɗan danshi kwana ɗaya kafin shafawa. Daskarewa ba ta cutar da busasshen kaya, jiƙaƙƙe take fasawa.

Shidan da suka sha gilez ma ba abin da zai same su, sai dai fatarsu gari ce, tana gogewa. Kada ki ɗora ɗaya a kan ɗaya, kada ki nannaɗe. Ki jera su a kanta, ki kifa musu kwali, in za ki ɗauka ki kama gindi. Inda ya ɓantare ki ɗiga masa gilez da ɗan buroshi ki bari ya bushe. Nan gaba in kin san kaya za su jira, ki sa ƙaron CMC rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin garin gilez, yana taurara fatar.

Yumɓun da ya daskare bai mutu ba. Ƙanƙara ta raba ruwa da laka ne, in ya narke za ki gan shi falle-falle, waje ya yi taɓo ciki ya yi tauri. Ki bar shi a ledarsa kwana biyu ko uku a ɗaki, sannan ki cuɗa shi sosai, kamar sau hamsin zuwa ɗari, har ki yanka da waya ki ga fuska ɗaya ba layi. Wanda ba ya dawowa shi ne abin da aka gina bai bushe ba ya daskare, wannan sai a mayar da shi bokiti. Gilez da ya daskare a bokiti yana kwantawa ya yi tauri a ƙasa, ki narkar, ki dama, ki tace da rariya mai lamba 80. Ruwan kakin da ake shafa wa gindi kuwa in ya daskare ya tsinke ke nan, ba ya haɗuwa, sabo za ki saya.

Yadda ranar gashi take tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jajibiri ki share dusar ƙanƙara har ƙasa ta fito, fili mai faɗin mita huɗu ko biyar, ki watsa yashi. Zafin tanderu yana narkar da ta kusa, ruwan ya gangaro ya sake daskarewa daidai inda za ki taka da kwano mai digiri 1000 a hannu. Tanderu ya zauna a kan busasshen bulo, ba kan jiƙaƙƙen siminti ba, don siminti mai ruwa yana tartsatsi in ya ji wuta, ba kuma kan dandamalin katako ba. Garewanin hayaƙi su ma ki ɗora su a kan bulo, ki zuba yashi ko garin katako mai kaurin yatsu uku a gindinsu don kada kwano ya sauka a kan ƙarfe mai sanyi. Ki matso da su taku biyu ko uku daga tanderu, kusa fiye da yadda kike yi da rani.

Kayan su kwana kusa da hita. Da safe ki jera su a kula ko kwali mai tawul, kada ki fito da su sai tanderu ya shirya. Ki fara kunna shi ba kaya, wuta ƙasa-ƙasa, minti 15 zuwa 20, har farin tururin da ke fita ta sama ya ɗauke. Ki kashe, ki bari ya sauko yadda hannu mai safa zai shiga, ki jera kaya da tazarar yatsu biyu tsakaninsu, ba wanda ke fuskantar harshen wuta kai tsaye. Minti 15 na farko wuta kaɗan har zuwa wajen digiri 200. Daga nan ki ƙara a hankali ki ratsa 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, kada ki yi gaggawa a nan. Bayan 600 ki sake mata. Gilez zai fara tafasa yana ƙuraje kamar kunu a wuta, sannan ya kwanta ya yi sheƙi kamar an zuba mai. In ya kwanta ki riƙe shi minti biyar. Da hunturu ki sa ran awa ɗaya da kwata, ba minti 45 ba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a can cikin Disamba, don haka ki kunna da hantsi.

Kafin zarowa ki ɗumama bakin awartaki a saman tanderu na daƙiƙa goma. Baki mai sanyi yana barin tabo, yana iya tsaga leɓen kwano siriri. Ki kashe gas, abokin aiki ya ɗage murfi, ke ki ɗauka. Kada ki yi wannan ke kaɗai da hunturu.

A nan ne sanyi ke raba gilez gida biyu. Farin gilez mai tsattsagewa yana son sanyi. Ana riƙe shi a iska ne don fatar gilashin ta tsuke kafin jikin yumɓu, ta yi ƙananan tsagu da kunkunniya za ta shiga ta zana baƙin layi. Za ki ji yana ƙara, tsin, tsin, kamar ana taɓa gilashi da cokali. Da rani ana jira daƙiƙa 20 zuwa 30, da hunturu 10 ta isa, kuma zanen kan fito da kyau. Gilez mai jan ƙarfe kuwa akasin haka ne, so yake ya shiga garwa tun yana jajir, cikin daƙiƙa biyar, don hayaƙi ya ƙwace masa oksijin ya fito da ja da ruwan zinariya. In ya huce a hanya kore zai tsaya. Shi ya sa nake ba da shawara a gasa farare da hunturu, a bar masu jan ƙarfe sai ranar da iska ta kwanta ɗif.

A garwa ki bar wuta ta kama sosai daƙiƙa kaɗan, ki watsa ɗan garin katako a kai, ki rufe. Jiƙaƙƙiyar jarida da ake sa wa a bakin murfi don toshe iska tana daskarewa ta ƙi lanƙwasa, ki jiƙa ta da ruwan ɗumi dab da lokacin. Ki bar kaya minti 20 zuwa 30, fiye da na rani, su huce a ciki. In za ki buɗe ki tsaya gefe ki karkata murfin ya kare fuskarki, don hayaƙin yana iya kamawa da wuta in ya sha iska. Kada ki tsoma su a ruwan ƙanƙara, kada ki jefa a dusar ƙanƙara ko da kin ga ana yi a bidiyo. Gefen da ya nutse yana hucewa nan take, na sama bai huce ba. Tulu mai ƙaramin baki kuwa ko da rani ba a tsoma shi. In za ki sa zubi na biyu, ki ɗumama kayan a gefen saman tanderu, ki bari cikinsa ya sauko ƙasa da digiri 300, ki sa wa kowanne ɗan guntun bulo mai taushi a gindi don kada ya zauna kan faranti mai zafi.

Sutura tana bukatar magana ta musamman, don rigunan sanyi na zamani kusan duk roba ce, nailan da foliyesta, suna narkewa su manne a fata. Ki sa auduga a ciki, ulu a kai, atamfar aiki ta fata ko auduga mai kauri a sama, safar hannu ta masu walda, takalmin fata mai kama ƙasa. Mayafi ko hijabi ya zama na auduga, a cusa bakinsa cikin riga, ba abin da ke lilo. Abin kashe gobara na gari ya kasance kusa, don tiyon ruwan lambu a daskare yake. Ki kuma tambayi ofishin kashe gobara na garinku dokar kunna wuta a bayan gida, kowane gari da tasa, hayaƙi kuma a iskar sanyi ƙasa yake kwanciya ya shiga gidan maƙwabta.

In kin zaɓi jira

Ba asara ba ce. Watannin nan su ne na gina sababbin kaya masu bango daidai, kauri milimita 6 zuwa 8 daga baki har gindi, don yawancin tsagar raku a mahaɗar kauri da siriri take farawa. Su ne na yin ƙananan fale-falen gwaji, ashirin ko talatin, kowanne da lambarsa a baya, waɗanda za su cike gurabe a gashin farko na Afrilu. In kina sha'awar salon izgar doki, wanda ake ɗora gashin wutsiyar doki a kan kaya masu zafi, yanzu ne lokacin goge kaya da dutse mai santsi ko bayan cokali har su yi sheƙi, amma gashinsa ki bar shi sai ɗumi, don daƙiƙun da izga ke ƙonewa ta bar zane kaɗan ne, iskar sanyi kuma tana cinye su. Wasu suna zaro raku daga tanderun lantarki. Yana yiwuwa in tanderun yana bakin ƙofar da ke fita waje kuma an yanke wutarsa gaba ɗaya kafin a sa awartaki, amma yana gajarta ran wayoyinsa da bulonsa, kuma ratsa ɗaki da jan kwano ba abin da zan ba mai koyo shawara ba ne. Ya fi ki nemi ɗakin koyon tukwane na unguwa, da yawa suna shirya ranar raku a fili mai kariya da manyan silindu.

Ban ga tanderunki ba, ban san girman bututunki da irin yumɓunki ba, don haka lambobin minti da na bayar mafari ne, ki gyara su da abin da idonki ya gani. In yumɓun ba na raku ba ne, mai laushi ne marar tsingaro, ko gashin farko ya wuce digiri 1060 har jikin ya toshe, zai iya tsagewa ko a watan Yuli, kuma ko gwani yana rasa kaya jefi-jefi a wannan salo. Ki tuna kuma kayan raku suna tsotsar ruwa, ba a ci ba a sha a cikinsu, ba a kuma barin su a waje su kwana a ƙanƙara.

Da ni ce da waɗannan goma sha biyun, yau zan shigo da su duka cikin gida tare da faranti da garin katako, in cika silindu biyu in haɗa su. Ranar farko da hasashe ya nuna rana, iska ƙasa da kilomita 15, sanyi bai wuce 10 ƙasa da sifili ba, zan gasa uku daga cikin waɗanda suka sha gilez, farare in akwai, waɗanda rashinsu ba zai dame ni ba. In zafi ya haura 950 cikin awa ɗaya da kwata kuma biyu sun fito lafiya, sauran su biyo baya uku-uku. In silinda ta sake yin fari kafin 900, a rufe gas, a lulluɓe tanderu, masu jan ƙarfe da manyan su jira Afrilu a kwalinsu.